Neman kalma: me za mu kira flywheel da bellhousing da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman taimako a kan kalmomi biyu. Ina rubuta bayani game da tsofaffin motocin Amurka masu ƙarfin inji, irin su Camaro ta 1969 da Chevelle, sai na zo inda inji ke haɗuwa da giyabos na cije. Kuloci dai ya riga ya zama ɗan gida, ba mai taɓa shi. Sauran biyun ne suka tsaya mini a wuya.

2/ Ga abin da nake son faɗa. A injin V8 na Chevrolet na wancan zamani, flywheel, wato ƙarfen nan mai nauyi, zagayayye, da ke juyawa a bayan inji, iri biyu ne: ƙarami mai haƙora 153, faɗinsa inci 12 da kwata uku, da babba mai haƙora 168, inci 14. Ƙaramin na ɗaukar kuloci mai inci 10 da rabi, babban kuma yakan ɗauki mai inci 11. Bellhousing ne ke rufe su duka. Wanda lambarsa ta ƙare da 403 na ƙaramin ne, babban ba zai shiga cikinsa ba, sai an nemo mai lamba 621. Har kik ma, wato na'urar da ke tayar da inji, sai an canza, domin na ƙaramin ramukan notinsa a jere suke, na babban kuwa a karkace. Ina son suna da zai nuna cewa wani a cikin wani yake zaune.

3/ A kan bellhousing, an ba ni "gidan ƙararrawa", don bell na nufin ƙararrawa. Na gode, amma babu ƙararrawa a ciki, Bature siffar kawai ya duba. "Gidan kuloci" ya fi, sai dai komai mun mai da shi gida. Ni na fi son ƙoƙon kuloci. Baki mai faɗi wajen inji, gindi tsukakke wajen giyabos. Kuma da ma muna da ƙoƙon kai da ƙoƙon gwiwa, wato abu mai tauri da ke kare na cikinsa. Wannan na ɗauka.

4/ Flywheel ne ya ja muhawara. A gareji na fi jin ana cewa filawil. Wani ya ce faifan inji, to amma filet ɗin kuloci ma faifai ne, ga su kuma manne da juna, za a ruɗe.

Sai wani dattijo ya rubuto kalma ɗaya: gululu. Baba, Allah ya ƙara girma, tun jiya nake juya ta a raina. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa na kaɗin auduga ya san dunƙulen yumɓun nan da ke gindin mazari. Ta murza sau ɗaya ta saki, nauyin gululu ne ke riƙe juyin har ta sake murzawa. Aikin ke nan. Fistin ba ya tura karanshaf a kowane lokaci, bugu-bugu yake yi, wannan ƙarfe mai nauyi ne ke cike tsakanin bugu da bugu. Faifai siffa kawai ya faɗa, gululu kuwa ya faɗi aiki.

Kuma batun nauyi ba ƙarami ba ne a motocin nan. Injin Chevrolet 400 da na 454 an ƙara wa flywheel ɗinsu nauyi a gefe ɗaya don daidaita juyi. Ka ɗaura shi a tsohon injin 350, notuna za su shiga lafiya, amma jijjiga ba za ta bar injin ya daɗe ba.

5/ Malam, na ga gyaranka, cewa gululu dunƙule ne, ba shi da haƙora, kuma yaran yanzu ba su san mazari ba. Gaskiya ne. Amma haƙoran zobe ne daban da ake dasawa a gefensa saboda kik, sai mu kira shi zoben haƙora. A farkon rubutu zan sa filawil kusa da gululu sau ɗaya, don mai gareji ya gane.

6/ Ga gwaji, ku karanta da ƙarfi ku ji: "Gululun inji mai haƙora 168 ba ya shiga ƙaramin ƙoƙon kuloci, kuma kik ɗin mai 153 ba zai kama shi ba." A kunnena ta zauna. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka ɗauko sunayen kayan mota daga Faransanci, me kuke kiran su a garejinku?