Yaya Kabiru Alhassan Rurum ya sauka daga shugabancin Majalisar Dokokin Kano kuma ya dawo?

Ɗalibin Siyasa:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka bibiyi siyasar Kano. Kabiru Alhassan Rurum, mai wakiltar Rano a lokacin, ya zama kakakin majalisar jiha a 2015, ya sauka a 2017, sannan ya koma kujerar a 2018. Ta yaya 'yan majalisar da suka karɓi murabus ɗin mutum za su sake ɗora shi bayan shekara guda?

Bafagge:
Wa alaikumus salam, Malam. Ya ajiye muƙamin ne a Yulin 2017, a daidai lokacin da ake zarginsa da karɓar kuɗi domin a jingine binciken da majalisar ta fara kan Sarki Muhammadu Sanusi II, zargin da ya musanta. Yusuf Abdullahi Ata na Fagge ne ya gaje shi, shi kuma aka tsige shi a Yulin 2018, aka mayar da Rurum. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, jama'ar mazaɓa ne ke zaɓen ɗan majalisa, amma kujerar kakaki a hannun abokan aikinsa take, kuma sashe na 92 na kundin tsarin mulki ya ba kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa ikon sauke shi. A zauren Kano mai kujeru 40, da zarar mutum 27 sun rattaba hannu, magana ta ƙare.

Malamin Makaranta:
Lissafin Bafagge daidai ne, sai dai a ganina ba a tara hannu 27 ba tare da gidan gwamnati ya ɗaga kai ba. Ku dubi abin da ya biyo baya. A zamanin shugabancin Rurum na biyu ne, a Mayun 2019, majalisar ta zartar cikin 'yan kwanaki da dokar da ta kafa masarautun Bichi, Gaya, Ƙaraye da Rano, Gwamna Ganduje ya sa hannu nan take. Rano kuwa mazaɓarsa ce, don haka da ya tafi Majalisar Wakilai a shekarar, yana wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya, ya tafi da abin nuna wa mutanensa.

Bafagge:
Malam, ban yarda cewa duk ƙarfinsa na aro ba ne. Ya bar APC ya koma NNPP a 2022, ya kuma ci kujerarsa a 2023 ba tare da inuwar Ganduje ba, kafin ya sake komawa APC a 2025.

Malamin Makaranta:
A 2023 guguwar Kwankwasiyya ce ta ɗauki mafi yawan kujerun Kano, saboda haka wannan zaɓen bai isa hujja ba. Kada kuma a manta cewa majalisar jihar da NNPP ke da rinjaye a cikinta a lokacin ce ta soke dokar masarautun a Mayun 2024, alhali yana ɗan jam'iyyar.