Tsayuwa da ƙafa ɗaya: motsa jiki ne ko ibadar Hindu?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum. Wata biyu da suka wuce mahaifiyarmu, wadda ta haura shekara 65, ta zame a banɗaki ta buga ƙugu. Allah ya taƙaita ba ta karye ba, amma tun daga ranar sai da dafa bango take tafiya. Likitan fisiyo ya ce ta riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya kullum tana riƙe da kujera, sai ƙanwata ta nemo mata bidiyo a YouTube, inda muka tarar masu koyarwar suna kiran abin yoga, suna haɗa tafukan hannu a ƙirji kafin su fara. Da kawunmu ya gani ya ce a daina, ibadar Hindu ce. Ina roƙon wanda ya san asalin abin ya yi mana bayani, ya kuma faɗa mana ko tsayuwar tana da amfanin da ake cewa.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Kawu bai faɗi ƙarya ba game da asali, domin yoga a cikin addinan Indiya ta tashi, musamman Hindu. Kalmar daga harshen Sanskirit take, tushenta yana nufin haɗawa ko ɗaurewa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa. Patanjali, wanda ya tsara tsohuwar koyarwarta, ya kasa ta mataki takwas, kuma daidaita jiki, wanda suke kira asana, mataki na uku ne kawai. Sauran sun shafi tarbiyyar rai, sarrafa numfashi da zurfafa tunani, har mutum ya kai samadhi, wato nutsewar da suke ganin ita ce 'yantar da rai.

Lokacin da nake karatu a birnin Chennai na Indiya na je garin Mahabalipuram, inda akwai wani ƙaton dutse da aka sassaƙa tun ƙarni na 7. A jikinsa akwai siffar wani mutum da ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, yana tsaye da ƙafa ɗaya, hannuwansa a sama, Shiva, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, kuma yana gefensa. Can ƙasa masu sassaƙar sun yi wata kyanwa tana kwaikwayon tsayuwar, ɓeraye sun kewaye ta, abin da ya nuna tun a wancan zamanin sun san akwai masu zuhudun ƙarya. A wurinsu wannan tsayuwa azabtar da jiki ce don neman biyan buƙata daga abin bauta. Har yau sunayen motsin yoga suna ɗauke da wannan tarihi: Natarajasana daga sunan Shiva ne a matsayin sarkin rawa, Garudasana daga sunan tsuntsun da Vishnu, wani abin bautarsu, yake hawa, Surya Namaskar kuwa gaisuwa ce ga rana.

Sai dai yogar da ke cikin bidiyo ta sha canji. Yawancin jerin motsin da ake koyarwa yanzu sun bunƙasa ne a ƙarni na 20, musamman a makarantar wani malamin yoga mai suna Krishnamacharya da ke birnin Mysore na Indiya a shekarun 1930, almajiransa irin su Iyengar suka kai ta Turai da Amurka, inda mafi yawan masu yi suka ɗauke ta wasan motsa jiki.

Maman Iman:
Ni ma'aikaciyar fisiyo ce, kuma zan tsaya a ɓangaren lafiya. Abubuwa uku ke hana mutum faɗuwa: ido, cikin kunne, da jijiyoyin ƙafa da gaɓoɓi waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa inda jiki yake. Duka ukun suna rauni da tsufa, ciwon suga kuma yana ƙara kashe jin tafin ƙafa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya tana tilasta musu yin aiki tare, tana kuma ƙarfafa naman ƙugu da idon sawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma tana shawartar waɗanda suka kai shekara 65 su yi atisayen daidaita jiki da ƙarfafa shi aƙalla kwana uku a mako. Wani bincike da aka yi a Brazil, aka wallafa a 2022, ya bi mutum 1,702 masu shekara 51 zuwa 75, ya gano cewa waɗanda suka kasa tsayawa daƙiƙa 10 da ƙafa ɗaya sun fi sauran yawan mutuwa a shekarun da suka biyo baya, kodayake wannan alama ce ta raunin jiki, ba hujja ba ce cewa tsayuwar kanta tana ƙara kwana.

Abin da na fi gudar wa Hajiya shi ne dainawa gaba ɗaya, domin mai tsoron faɗuwa yakan rage tafiya, ƙafar ta ƙara mutuwa. Ta tsaya kusa da bango, babu silifas, ba a kan tabarmar roba mai santsi ba, wani yana kusa da ita, idan ta ji jiri kuma ta zauna.

Alhaji Bala:
Malaman wasu ƙasashe sun riga sun duba wannan. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yoga saboda addu'o'in Hindu da ke cikinta, a 2009 kuma majalisar malaman Indonesiya ta haramta wadda ake haɗawa da waƙe-waƙen bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A ganina abin da likita ya rubuta wa Hajiya bai ma shiga wannan babi ba, tunda tsayawa da ƙafa ɗaya ba mallakar wata al'umma ba ce, yaranmu ma suna yi a wasan langa. Amma a je da bayanin gaban malamin da kawu ya yarda da shi, ya fi ku tsaya musu da babba.

Abu Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun ajiye bidiyon, mun koma kan takardar likita, kawu ma bai ce komai ba. Jiya Hajiya ta yi daƙiƙa 6 da ƙafar dama ba tare da ta taɓa kujera ba, ta hagun ce har yanzu take rawa. Maman Iman, shin a ƙara wa ta hagun lokaci ne, ko a bar su daidai?