Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, to har a kan zane?

Mai Fensir: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ina zanen fuskar wata tsohuwa a manhajar zane ta ibisPaint, na ɗora, sai wani ya ɗauka ya zizzirga mata jan layi, ya sauko da idanun ƙasa, ya sake ɗorawa ko sallama babu. Na ce masa ban ji daɗi ba, wai sai ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni dai a ganina tunda har hannu ya sa a ciki, ai ya sauke kenan. Ko ni ce ban fahimci karin maganar ba?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam ƙanwata. Asalin maganar mai kaya a ka ne, kaya ya karkace gammo na neman zamewa, shi ba ya gani, na bayansa ke gani, sai ya ce masa gyara. Da baki ya faɗa fa, bai taɓa kayan ba. To kin fahimce ta daidai. Amma zan tambaye ki tsakani da Allah, idanun sun yi sama ko ba su yi ba?

Mai Fensir: Sun yi Yaya, shi ne ma abin da ya fi min ciwo.

Yaya Babba: Ba ke kaɗai ba ce, kusan duk mai koyo yana haka, ido a tsakiyar kai yake in aka auna daga saman kai zuwa haɓa, amma hankalinmu yana kan fuska sai mu cinye goshi. Ki riƙa juya zanen dama zuwa hagu kafin ki ɗora, manhajar taki tana yi, manhajar Krita ma haka, nan take za ki ga karkatar da idonki ya saba da ita. Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya, shi ma madubi ya ce mai zane ya riƙa duba aikinsa da shi saboda wannan.

Ɗan Auta: Ni ban yarda an yi mata laifi ba gaskiya. Akwai gyaran da baki ba ya iya faɗa, in na ce miki inuwar hanci tana hagu ta wuya tana dama alhali haske waje ɗaya yake fitowa sai mu kai dare muna rubutu, layi biyu kuwa ya gama magana. Kuma mu da ake cika mu da masha Allah da alamar wuta shekara da shekaru ba mu gaba ba mu baya, wanda ya zauna ya ɓata lokacinsa a kan aikinka ai masoyi ne.

Anti Mai Launi: Auta ba jan layin ne matsalar ba, rashin neman izini ne da kuma ɗorawa a gaban jama'a. Akwai tsarin yin sharhi kan aikin fasaha da Liz Lerman, wata mai tsara rawa a Amurka, ta fitar a 1990, a matakin ƙarshe mai sharhi cewa yake ina da ra'ayi kan abu kaza, kina son ji? Kuma mai aiki tana da damar cewa a'a. Sannan ni karin maganar nan ina ganin har da mai kayan take yi wa magana, wato ki kwantar da hankalinki kayan naki ne har yanzu, in kin ga dama ki gyara, in karkatar da gangan kika yi ki bar abinki.

Ɗan Auta: To Anti in ta ce a'a kullum fa, yaushe za ta koya?

Mai Fensir: Da ya tambaye ni ta inbos wallahi da na ce e. Na juya shi yanzu, kunnen hagu ma ya fi na dama tsawo, shi bai ma gani ba. Zan sake ɗorawa, Auta ka duba min inuwar kawai, sauran ka bar min tukuna.