Naira dubu 400 gare ni, ina son haɗa kwamfutar gem a Kano: me zan fara saya?

Ɗan Kabuga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Ina aiki a shagon fotokofi da buga takardu nan Kabuga, kusa da tsohuwar jami'ar Bayero. Wata 14 ina zubin adashe, ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauki kwasata, na haɗa da ɗan abin da na ajiye ya zama naira dubu 400 cif. Ni da ƙanena kullum bayan isha'i muna gidan gem muna biyan kuɗin ƙwallo wasa-wasa, kuma Umma ba ta son yaron yana kaiwa dare a waje. Ina son mu samu namu a gida. eFootball da GTA V muke so, sai CorelDraw da nake son in ƙware a kai saboda aikin shago. Akwai talabijin inci 32 mai HDMI, don haka ba sai na sayi monita ba.

Ranar Asabar na zaga Beirut Road da Farm Centre, na dawo kaina ya ƙara ɗaurewa. Wani ya ce in ɗauki kwamfutar Dell OptiPlex ta hannu in sa mata katin hoto, wato abin da ke sarrafa hoton gem. Wani ya ajiye mini katin hoto RX 580 mai giga 8 a kan kanta, ya ce in dai gem ne, shi ne magana. Wani kuma ya ce in sayi komai sabo in haɗa da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na Ryzen. Ba na son kuɗin da na sha wuya a kansu su tafi a banza. Wanne ya fi?

Mai Gyara Zoo Road:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu zo maganar kati, wace wuta kake da ita a gida? Wannan ita ce tambayar da masu sayarwa ba sa yi maka.

Ɗan Kabuga:

Yaya, wutar layi ba ta da tabbas a wajenmu, wani lokaci sai tsakar dare. Muna da ƙaramin inbata da batir ɗaya 200Ah da sola, shi ke riƙe mana fitilu da fankoki biyu.

Mai Gyara Zoo Road:

To ka ga amsar ta fito da kanta. Batirinka mai bolt 12 ne, a lissafi yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda, amma in kana son ya yi ƙarko rabi kawai za ka riƙa ja. RX 580 shi kaɗai yana shan wat 185. Ka haɗa da furosesa da sauran kaya da talabijin, kun doshi 350. Awa uku kun shanye rabon gidan, fankar Umma ta tsaya a tsakiyar daren watan Afrilu. Ina tabbatar maka ba za a bar kwamfutar ta ƙara kwana a ɗakin ba.

Ni abin da nake haɗa wa masu irin halinka shi ne OptiPlex mai furosesan Intel i5-8500, wato samfurin 3060 ko 5060 ko 7060, a sa masa katin GTX 1650. Wannan katin wat 75 yake sha, kuma daga ramin madabod, wato babban allon da ake jona kayan ciki a kai, yake jan wutarsa, ba ya buƙatar wata waya daban. Ka dai duba da idonka, don akwai 'yan kaɗan da ke zuwa da ramin waya mai ƙofa shida a gefe, su ba za su yi maka ba, saboda fawa sufulai na Dell, wato abin da ke raba wa injin wuta, ba shi da wannan wayar. Duka injin da katin ba su cika wuce wat 180 ba ana tsakiyar wasa.

Abu biyu ka riƙe. Ka ɗauki dogon akwatin nan mai tsayuwa, ban da siririn. Siririn sai gajeren kati, shi kuma wuyar samu gare shi a garin nan, in ka samu ma a tsawwala maka kuɗi. Sannan kada a lallaɓe ka da i5-6500 ko 7500 don an rage maka wani abu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na takwas na Intel take farawa, irin 8500 ɗin; su 6500 da 7500 zubi na shida da na bakwai ne. Ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) giga 16, SSD (ma'ajiyar fayiloli) giga 512, ka gama.

Abban Hotoro:

Ɗan'uwa ka saurari Mai Gyara. Ni RX 580 ɗin na saya bara wurin wani mai shago, ya kunna mini na ga hoto ya fito a allo, na biya na tafi ina murna. Sati uku, lokacin zafin nan ya kankama, ina cikin wasa sai layuka kore-kore suka cika allon, injin ya mutu. Da aka buɗe katin, man da ke kan ƙwaƙwalwarsa ya bushe ƙamas kamar busasshiyar laka, gefen allon ya yi duhu saboda gashi. Na koma, aka ce garantin kwana bakwai ne. Har yau abin yana ci mini rai, don kuɗin ɗinkin sallata na sa a ciki.

Daga baya na fahimci yawancin irin waɗannan katunan an yi shekaru ana haƙar kuɗin intanet na Ethereum da su dare da rana, da aka daina haƙar da kati a Satumbar 2022 aka juyo su kasuwa. Kowane kati na hannu za ka saya, ka je da filashi ɗauke da manhajojin gwaji biyu, GPU-Z da FurMark. Na farkon zai gaya maka gaskiyar sunan katin: RX 580 na asali 2304 yake nunawa a wajen shaders, in ka ga 2048 to ƙaninsa ne aka sa wa rigar wa. Na biyun matsa wa katin aiki yake yi, ka bar shi yana gudu minti 20 a gaban mai shagon kana kallon zafin. In ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama. Kuma a rubuta kwanakin garanti a rasit.

Ummi Tarauni:

Ni dai Malam ina ganin a duba Ryzen 5 5600G. Wat 65 ne, yana da nasa hoton a ciki, ba sai da kati ba. Da shi nake aiki tun ina aji biyu, eFootball yana tafiya lafiya in ka sassauta saitin. Amfaninsa, ranar da ka samu kuɗi ka ƙara batir, sai ka sa katin RX 6600 ba tare da ka sauya komai ba, abin da akwatin Dell ba zai ba ka dama ba. Sharaɗi dai ram ɗin ya zama guda biyu masu giga 8-8, guda ɗaya mai 16 yana rage masa gudu sosai. In madabod B450 ce ka tabbatar an sabunta BIOS ɗinta, wato manhajar cikin madabod ɗin, kafin ka bar shagon.

Ka ware kuɗin data ma. GTA V kusan giga 100 ne. eFootball kyauta ne a Steam, manhajar da ake sauke gem na kwamfuta.

Mai Gyara Zoo Road:

Maganarki gaskiya ce 'yar'uwa, in mutum yana hangen shekara uku gaba. Sai dai madabod da fawa sufulai mai kyau da akwati da ram, duk sabbi, za su cinye kuɗinsa, ya tashi da hoton da bai kai rabin ƙarfin GTX 1650 ba. Yaron nan yau yake son wasa.

Ƙanena, na manta da ƙura. Duk injin da aka kawo mini bayan hunturu, in na buɗe sai in tarar da ita ta yi kauri a haƙarƙarin fanka kamar auduga. Kada ka ajiye shi a ƙasa kan kafet, ɗora shi a tebur, nesa da taga. Duk wata biyu ka fitar da shi tsakar gida ka hure shi da abin hura iska, ka danne fankar da yatsa kada ta riƙa juyawa. In an gama wasa a rufa masa zani.

Ɗan Kabuga:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malama Ummi na gode, na rubuta sunan 5600G a littafina, amma a yanzu OptiPlex ɗin zan bi, saboda batirin nan na kowa ne a gidan. Na sauke GPU-Z da FurMark a filashi tun ɗazu a shago. Asabar da hantsi zan koma Beirut Road, zan tafi da ƙanen nawa ya ga yadda ake gwadawa.

Yaya, saura tambaya ɗaya: muna da hannun PS4 guda ɗaya a gida, zai yi aiki da wayar USB kai tsaye, ko sai na sayi wani?

Mai Gyara Zoo Road:

Zai yi. Ka jona shi da wayar, Steam na gane shi. Ka dai nemo na biyu, tunda ku biyu ne.