Wai da gaske duk mutanen duniya daga mace ɗaya suka fito?

Bashir: Jama'a na ji ana cewa kimiyya ta gano Nana Hauwa'u, wai an bi DNA na uwa an tarar duk ɗan Adam daga mace ɗaya yake. Ni kam na yarda, me ya rage kuma?

Malama Zainab: Ɗan'uwa a bi maganar nan a hankali. Binciken gaskiya ne, Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson ne suka fitar da shi a mujallar Nature a 1987, mutum 147 suka duba. DNA na mitokondiriya suka bi, wato ɗan abin nan da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, yana da nasa DNA daban mai haruffa 16,569 kacal, kuma wajen uwa ake gadonsa don na maniyyi lalacewa yake bayan ya shiga ƙwai. Toh in ka bi uwa, uwar uwa, kakar uwa haka dai har can baya sai layukan su haɗu a kan mace ɗaya a Afirka, wajen shekara 150,000 zuwa 200,000 da suka wuce. Amma fa ba ita ce mace ta farko ba, ita ma tana da uwa, kuma akwai mata da yawa a zamaninta.

Bashir: To Malama in akwai sauran mata ina zuriyarsu ta shiga?

Umar: Tana nan mana, a jikinmu ma. Mace in maza zalla ta haifa layinta na mitokondiriya ya tsaya kenan, amma jininta na nan a jikokinta ta sauran DNA ɗin.

Hadiza: Ni shekarun ne ban gamsu da su ba wallahi. Tazarar shekara 50,000 fa, wannan ai kintace ne.

Malama Zainab: Ƙiyasi ne 'yar'uwa amma ba kintace ba ne. Haruffan suna ɗan sauyawa a hankali, sai a ƙirga bambancin da ke tsakanin mutane, a gwada da ƙasusuwan da aka san shekarunsu. Batun Afirka kuwa ya fi ƙarfi nesa, an sa wa rassan layin uwa sunaye, tsofaffin rassa irin L0 can suke musamman a kudancin Afirka, na sauran nahiyoyi kuma duk daga M da N suke, su biyun kuma 'ya'yan L3 ne, wani reshe na Afirka.

Umar: Kuma yana aiki a zahiri. Ƙasusuwan Sarki Richard na Uku da aka tono a filin ajiye motoci a Leicester ta Ingila a 2012, da DNA na mitokondiriya na zuriyar 'yar'uwarsa ta ɓangaren mata aka gwada su don a gane ko shi ne.

Hadiza: Na ji Yaya Umar, amma abin da ke damuna mutum ya yi gwajin DNA na mitokondiriya ya ce ya san asalinsa kaf. In ka koma baya hawa 10 kakanninka na iya kai 1,024, mutum ɗaya tal wannan gwajin yake nuna maka a cikinsu. Dubi Neandatal, wani jinsin mutanen da ne da ya ƙare, babu ko ɗigon mitokondiriyarsu a jikin mutanen yau, amma a 2010 masana su Svante Pääbo suka nuna waɗanda ba 'yan Afirka ba na ɗauke da ɗan kason sauran DNA ɗinsu. Da layin uwa kaɗai aka riƙe ai da an ce ba a taɓa cuɗanya da su ba.

Bashir: Duk da haka dai mace ɗaya ce, ban ga abin da ya rushe maganata ba.

Malama Zainab: Mace ɗaya a layin uwa kaɗai Malam Bashir. Ɓangaren maza kuma sai an koma kan kuromosom ɗin Y, wato DNA ɗin da ɗa namiji ke gada wajen uba, shi ma lissafinsa daban ne.