Madarar awakina ta ragu, wane ƙari ya kamata in ba su?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Awakina uku na tatsa sun haihu sati shida ke nan. Da kowacce tana ba da lita 2 a rana, yanzu da ƙyar ake samun ɗaya. Sun rame, gashinsu ya koɗe, suna lasar ƙasa. Dusar alkama da ciyawa nake ba su, sai dutsen lasa na tumaki. Allurar bitamin ma an yi musu sau biyu.

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka ƙara komai, ja fatar idonsu ta ƙasa ka duba. In ta yi fari, galibi tsutsar ciki ce ke shanye musu jini, kuma ba ƙarin da zai kama jikinsu sai an kashe ta. In an ba su magani, a jira kwanakin da aka rubuta a jikinsa kafin a sha madarar.

Malam, bitamin ba ya maye gurbin abinci. Daga sati 4 zuwa 8 bayan haihuwa akuya take kai ƙololuwar yawan madararta, alhali cinta bai gama dawowa ba, sai ta riƙa cin naman jikinta. Haɗa masara kashi 5, dusa 3, tunkuzar waken soya 2. Ba ta kamar giram 400 zuwa 500 a kan kowace litar da take bayarwa, a raba safe da yamma. Amma don Allah a hankali, cikin kwana 10. Hatsi mai yawa farat ɗaya yana tsamama tumbi: zawo, kumburi, ƙin ci, wani lokaci har mutuwa. Ciyawa ta zama aƙalla rabin abincinta, in ba haka ba maiƙon madarar zai faɗi. Sannan dusar alkama cike take da fosfaras, kalsiyam ɗinta kaɗan ne, ita kuwa akuya tana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Zuba giram 20 na garin kalsiyam na dabbobi a kowane kilo na haɗin. Ruwa kada ya yanke.

Ƙari a kan maganar ɗan'uwa: dutsen tumakin nan ka canza shi. Ba a sa masa sinadarin kofa (wato jan ƙarfe) sosai, don yana taruwa a hantar tunkiya ya kashe ta, akuya kuwa ta fi buƙatarsa, kuma koɗewar gashi na cikin alamun rashinsa. Nemi na awaki, niƙaƙƙe kamar gari ba dutse ba, sun fi samun isasshe da shi. Allurar seleniyam (wani sinadari da jiki ke buƙata ɗan kaɗan) kuwa kada ka yi da ka, tazarar maganinta da gubarta kaɗan ce. Bar wa likitan dabbobi.