Alajin abinci a jikin ƙananan yara: daga ina yake fitowa, kuma yana wucewa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah masana, yaron da bai cika shekara ba, da ya ci ƙwai sai borin jini ya feso masa, leɓe ya kumbura. Me ke kawo haka? Kuma ya rabu da ƙwai ke nan har abada?

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan shi ake kira alajin abinci: garkuwar jikinsa ce ta ɗauki furotin ɗin ƙwai a matsayin abokin gaba, ta haɗa masa makamin da ake kira IgE. Da ya sake ci, sai jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin, alamu su bayyana cikin mintuna, da wuya su wuce awa 2: borin jini, kumburi, amai, wani lokaci numfashi ya sarƙe.

Sau da yawa ta fata abin ke shiga. Jaririn da ke da egzima, wato bushewar fata mai ƙaiƙayi, fatarsa a tsattsage take, ɓurɓushin abinci daga hannun manya yana ratsawa kafin yaron ya taɓa ɗanɗana shi. Abin da ya shiga ta hanji jiki ya fi saurin sabawa da shi, wanda ya shiga ta fata mai ciwo shi ake yaƙa.

Maganar wucewa, ya danganta da abincin. Madarar shanu, ƙwai, alkama da waken suya yawancin yara suna rabuwa da su, wasu kafin shiga makaranta, wasu sai sun tasa. Gyaɗa kuwa kusan 1 cikin 5 ne ke warkewa. Na kifi da jatan lande galibi yana bin mutum har girma.

Malamar Jinya:
Likita ya gama magana, sai dai in ja kunne. Kada a gwada a gida don a ga ko ya wuce. Ana duba ko IgE ya ragu a jini ko a gwajin fata, sannan a asibiti a ba yaron abincin kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa ana lura da shi. Gwajin jini shi kaɗai yana yaudara, yakan nuna alama alhali yaro yana cin abin lafiya lau. A daina hana yaro abinci biyar saboda takardar gwaji ɗaya, yunwa ce kawai ake jawo masa.

Idan murya ta shaƙe, ko numfashi na fita da ƙyar, ko yaro ya yi laushi ya ɗashe, allurar adrenalin ake yi a gefen cinya ta waje nan take, a wuce asibiti. Idan ba sauƙi bayan minti 5, a ƙara ta biyu. Kada a tsayar da shi a kan ƙafafunsa. Maganin ƙaiƙayi ba ya buɗe numfashi.

Masanin Abinci:
'Yar'uwa, ga abin da zai amfani ƙannensa. A da ana cewa a jinkirta ba jarirai gyaɗa don gudun alajinta, sai binciken LEAP da aka yi a Landan, aka wallafa a 2015, ya juya maganar. Jarirai 640 aka bi, masu egzima mai tsanani ko alajin ƙwai. Waɗanda suka fara cin gyaɗa da wuri, alajinta ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin 100 a shekara 5.

Ana farawa wajen wata 6, ba kafin wata 4 ba. A dama cokalin shayi 2 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai laushi da ruwan ɗumi, a lasa masa kaɗan, a jira minti 10, sannan a ba shi sauran, a sa ido awa 2. Sabon abinci ɗaya a rana, da safe, yaro yana cikin lafiya. Inda ake kuskure shi ne a ba shi sau ɗaya a manta. Sai an riƙa maimaitawa kowane mako. Ƙwayar gyaɗa kuwa ba a ba ɗan ƙasa da shekara 5, tana maƙalewa a maƙogwaro. Mai egzima mai tsanani, likita ya fara ganinsa.

Likitan Yara:
Hajiya, a tambayi likitansa batun ƙwan da aka gasa cikin kek. Zafi mai tsawo yana sauya siffar furotin ɗin, har yara da yawa masu alajin ƙwai ko madara suna iya cin wanda aka gasa cikin kek, kuma sau da yawa daga nan ake fara komawa cin abincin. Gyaɗa ba ta jin wannan zafi. Mai alajin madarar shanu kuma kada a musanya masa da ta akuya, furotin ɗinsu kusan ɗaya ne.